Saƙa safa da hannu, daga awon ƙafa har musaya da 'yan'uwa masu saƙa

Wanda bai taɓa kwana a Ɗa'if cikin watan Janairu ba yakan ɗauka ƙasar nan ta Saudiyya zafi ne kawai daga farkon shekara har ƙarshenta. Ɗa'if tana kan dutse, wajen mita 1,800 sama da teku, Abha ma ta fi ta tsayi, a Tabuka kuwa har ƙanƙara kan sauka a Dutsen Lauz. A Madina, idan Marba'aniyya ta kama, wato kwana arba'in ɗin nan na tsananin sanyi da ke farawa a farkon Disamba, mai fita sallar asuba ya san yadda daɓen harabar masallaci ke cizon tafin ƙafa. Mu na Makka da Jidda sanyinmu bai kai haka ba, amma tayil da na'urar sanyaya ɗaki sun ishi tsofaffinmu ciwon ƙafa.

Safar kanti tana da araha, ba musu. Matsalarta ita ce ba don ƙafar kowa aka yi ta ba. Robar bakinta tana shata layi a ƙwaurin tsohuwa mai kumburin ƙafa, ɗinkin da ke kan yatsu yana gurzar mai ciwon suga, wanda ɗan ƙaramin rauni a ƙafa ba abin wasa ba ne a wurinsa. Safar da kika saƙa da hannunki ba ta da ɗinki ko ɗaya, kuma kan awon ƙafa guda aka gina ta. Duk aikin da zan bayyana a kan awon nan ya dogara, har da musayar da za mu zo kanta daga baya.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Cikin tsofaffin kayan saƙar tsinke da aka tono a duniya akwai safunan auduga masu adon shuɗi da fari daga Masar, tun wajen ƙarni na 11. Kafin su ma mutanen Masar sun yi safa da allura ɗaya, suna raba babban yatsa da sauran domin a sa ta da takalmi mai maɗauri a tsakanin yatsu.

Zare da tsinke

Kada ki sayi zaren da ake yi wa jarirai rigar sanyi da shi, wato zaren roba zalla. Yana tara gumi, yana saki, diddige kuma ya ci shi cikin ɗan lokaci. Auduga zalla ba ta komawa idan ta buɗe, sai safa ta riƙa zamewa cikin takalmi. Abin da ake nema shi ne siririn zaren safa: kashi 75 ulu, kashi 25 nailan. Ulu ke riƙe ɗumi ya tsotse gumi, nailan ke hana shi hujewa. Ƙulli mai giram 100 yakan kai mita 400 zuwa 420, kuma ya isa safar babban mutum ƙafa biyu. Regia da Opal na Jamus sun yi suna a wannan, akwai kuma Alize Superwash na Turkiyya, wanda ya fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi a nan. A shagunan kayan ɗinki, waɗanda ake kira kulaf, ki ce kina son suf na shurrab da sinnarar tiriko, wato ulun safa da tsinken saƙa da Larabci, domin idan kika ce sinnara kawai kwarashi za a miƙo miki. Ki juya takardar ƙullin ki karanta da kanki, mai shago zai iya ce miki ulu ne alhali roba ce.

Tsinke kuwa siriri ake so, milimita 2.25 ko 2.5. Iri biyu ne: gajeru guda biyar masu tsini gaba da baya, ko guda biyu da aka haɗa da igiya mai tsawon santimita 80. Ga mai farawa na fi son guda biyar na gora ko katako, saboda suna riƙe zare, na ƙarfe kuwa sulɓi gare su. Sai tef na awo, allura mai babban hanci marar tsini, almakashi, da ɗan zare mai wani launi don yin alama.

Na ɗauka kin iya saƙar fuska da saƙar baya, kamar yadda yawancinmu muka koya wajen yi wa jarirai hula. Idan kwarashi kaɗai kika iya, ki ba kanki mako guda kina saƙa ɗan ƙyalle da tsinke biyu har hannu ya faɗa. Kowane ɗan zagayen zare da ke rataye a kan tsinke, ido zan riƙa kiransa.

Awo

A nan mutane ke gaggawa, a nan kuma safa ke gyaruwa ko ta lalace. Mai safar ya tsaya a kan farar takarda, nauyinsa a kan ƙafar, ki zana daga diddige zuwa yatsan da ya fi tsawo. Wannan ne tsawo. Sai ki zagaya tef a inda ƙafar ta fi faɗi, wajen tushen yatsu. Idan tsoho ne ko mai juna biyu, ki auna da yamma lokacin da ƙafa ta kumbura, ki kuma auna ƙwauri inda bakin safar zai tsaya.

Bayan haka sai gwajin hannunki. Ki saƙa ɗan ƙyalle da zaren da tsinken da za ki yi aiki da su, ki wanke shi ya bushe, ki ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10. Don safa ana son 30 zuwa 32. Idan naki 26 ne, saƙarki ta yi sako-sako, ki koma ƙaramin tsinke, domin safa mai sako-sako ita ce ke saurin hujewa.

Lissafin ga shi. A ce kewayen ƙafa santimita 22 ne, hannunki kuma ido 32 a santimita 10. Ashirin da biyu sau 3.2 ya ba da wajen 70. Sai ki cire kashi ɗaya cikin goma, saboda dole safa ta ɗan fi ƙafa ƙanƙanta kafin ta kama ta. Ya rage 63, ki kai shi lamba mafi kusa da huɗu ke rabawa, wato 64. Da ido 64 zan yi bayanin sauran. Siririyar ƙafa takan ɗauki 56 ko 60, ƙafar namiji 68 ko 72, tsarin duk ɗaya ne.

Baki da ƙwauri

Ki ɗora ido 64, amma da sassauci. Idan hannunki mai tsauri ne, ki haɗa tsinke biyu ki ɗora a kansu sannan ki zare ɗaya. Bakin da ya yi tsauri ba zai wuce diddige ba, komai kyan sauran aikin. Ki raba su 16 a kan kowane tsinke huɗu, na biyar shi ne na aiki. Kafin ki haɗa farko da ƙarshe, ki shimfiɗa su a kan tabarma ki tabbatar gindin idanun duk ciki yake kallo, babu inda ya murɗe. Murɗewa ba ta da magani sai warwara.

Ki yi saƙar roba, fuska biyu baya biyu, har santimita 4 ko 5. Daga nan saƙar fuska zalla kina zagayawa har ƙwaurin ya kai santimita 15 daga baki, ko yadda mai ita ke so. A duk inda kika tashi daga wannan tsinke zuwa wancan, ki ja ido na biyu da ɗan ƙarfi, in ba haka ba wani layi mai faɗi zai fito tun daga sama har ƙasa.

Wani zai tambaye ki ko zai iya shafa a kan safar nan wajen alwala. Mazhabarmu ta Malikiyya ta taƙaita shafa ga huffin fata ko safar da aka lulluɓe da fata, Hambaliyya da aka fi bi a nan kuwa ta yarda da safa mai kauri wadda ta rufe idon sawu. Hukuncin na malamai ne. Naki shi ne ki saƙa ta da kauri, ta kuma haura idon sawu sosai.

Diddige

Wannan ne wurin da ke ba mutane tsoro, kuma ba shi da wuya idan aka bi shi layi bayan layi. Ki tara ido 32 a kan tsinke ɗaya, sauran 32 na bayan ƙafa, wato saman ƙafar, ki bar su su huta. Yanzu ba zagaye za ki yi ba, kai da komo ne. A layin fuska: ki tsallakar da ido ɗaya zuwa ɗaya tsinken ba tare da kin saƙa shi ba, ki saƙa ɗaya, ki tsallakar da ɗaya, ki saƙa ɗaya, har ƙarshe. A layin baya: ki tsallakar da na farko kawai, sauran duka saƙar baya. Ki yi layi 32. Zaren da ke bi ta bayan idanun da kika tsallakar shi ke ninka kaurin wurin, kuma ga masu kaushi da faso, kamar yawancin iyayenmu da suka sha tafiya da silifa, kaurin nan shi ke sa safa ta shekara. Ki duba gefen wannan ɗan fefen, za ki ga wata sarƙa mai ido 16 a kowane ɓangare. Za ki buƙace ta.

Akwai ragi iri biyu da za ki yi ta amfani da su daga nan. Ragin dama shi ne ki haɗa ido biyu ki saƙa su tare. Ragin hagu kuwa, ki tsallakar da ido biyu ɗaya bayan ɗaya kamar za ki yi saƙar fuska, ki soka tsinken hagu ta gabansu, ki saƙa su tare.

Juya diddige ga yadda yake. A layin fuska ki tsallakar da ɗaya, ki saƙa 17, ki yi ragin hagu, ki saƙa ɗaya, sai ki juya aikin ko da yake akwai ido 11 da ba ki taɓa ba. A layin baya ki tsallakar da ɗaya, ki yi saƙar baya 5, ki haɗa biyu ta baya, ki ƙara ɗaya, ki juya. Can ma 11 sun rage. Idan kika lura za ki ga ɗan giɓi a kowane gefe inda kika juya. Daga nan ba sai kin ƙirga ba: ki saƙa har ya rage ido ɗaya kafin giɓin, ki haɗa shi da wanda ke bayan giɓin, ki ƙara ɗaya, ki juya. Haka za ki yi ta yi, fuska da baya, har na gefe su ƙare. A layi biyu na ƙarshe ragin kawai za ki yi, babu ƙarin ɗaya. Ido 18 za su rage, kuma a hannunki za ki ga aikin ya lanƙwashe ya zama ɗan ƙoƙo daidai zaman diddige. Ki sa babban yatsanki a ciki ki ji.

Yanzu a koma zagaye. Ki saƙa 18 ɗin nan, ki tsinci ido 16 daga sarƙar gefe, ki ƙara tsintar ɗaya a lungun da fefen ya haɗu da bayan ƙafa. Wannan ɗayan shi ke toshe hujin da kan fito a gefen idon sawu. Ki saƙa 32 na bayan ƙafa, ki tsinci 17 a ɗaya gefen. Jimla 84, sun yi yawa, kuma da gangan ne, don nan ne ƙafa ta fi kauri. Za ki rage biyu a zagaye ɗaya, ki bar na gaba ba ragi. Idan ya rage ido uku ki isa bayan ƙafa, ragin dama sai ɗaya. Bayan kin wuce bayan ƙafa, ɗaya sai ragin hagu. Ragi goma zai dawo da ke 64. Mai tudun ƙafa ki tsaya masa a 68, zai gode miki.

Tafi da yatsu

Ki ci gaba da zagaye har ya rage santimita 5 ki cika tsawon da kika auna, kina aunawa daga bayan diddige. Sai ki raba 32 sama, 32 ƙasa. A farkon kowane rabi, ɗaya sai ragin hagu, a ƙarshensa ragin dama sai ɗaya. Huɗu ke nan a zagaye. Ki riƙa yin ragi kina tsallake zagaye ɗaya har su koma 32, sannan kowane zagaye har su koma 16, takwas sama takwas ƙasa.

Rufewa da allura ake yi. Ki yanke zare ki bar kamu biyu, ki jera tsinkayen biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ki fara da soka allura a idon farko na gaba kamar saƙar baya, a na baya kamar saƙar fuska, duka ki bar su. Daga nan a tsinken gaba: kamar fuska ki sauke, na gaba kamar baya ki bari. A tsinken baya: kamar baya ki sauke, na gaba kamar fuska ki bari. Ki yi shi lokacin da yara suka yi barci, domin magana ɗaya ta isa ta ɓatar da ke. Idan ya yi daidai, ba mai iya nuna inda aka rufe. In ya gagara a karon farko, ki zura zaren cikin idanun duka ki tsuke, safa ce dai.

Ki rubuta adadin zagayen ƙwauri da na tafi, kuma ki ɗora ta biyu a ranar da kika gama ta farko. Safa ɗaya da ta rasa 'yar'uwarta ta cika jakunkunan masu saƙa.

Wanki da ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi. Da rani ruwan tankin saman bene yakan fito da zafin da zai iya cukurkuɗe ulu ya tsuke shi, don haka ki tara a bokiti ya huce. A shanya a inuwa, a kwance. Idan sanyi ya wuce a wanke kafin a adana cikin leda mai rufi, saboda asu ya fi son ulu mai gumi.

Musaya

Da zarar kin saƙa ƙafa biyu ko uku hannunki ya daidaita, za ki iya shiga musaya. Tsarin shi ne masu saƙa su taru ta intanet, mai kula ta haɗa su biyu-biyu ko ta yi zagaye, kowa ta saƙa wa wata, wata kuma ta saƙa mata. Ana samun irin wannan a shafin masu saƙa na Ravelry, wanda aka kafa a 2007, rajista kyauta ce kuma cike yake da tsare-tsaren saƙa, sai dai yawanci da Turanci ake magana kuma kuɗin aika kaya Turai ko Amurka zai iya fin kuɗin zaren. Ana kuma samun masu saƙa na Larabawa a Instagram da Telegram. Ni dai shawarata ki fara da na kusa: ƙungiyar WhatsApp ta mata goma ko sha biyu tsakanin Makka, Jidda, Madina da Ɗa'if, waɗanda kowace akwai wadda ta san ta.

Kafin ki ba da sunanki, ki nemi sanin abu huɗu: wace ce mai kula, yaushe ne wa'adi, wane irin zare aka yarda da shi, kuma me ake yi idan wata ta karɓa ba ta aiko ba. Ƙungiyar da ba ta da amsar ta ƙarshen, ki bar ta. Masu tsari sukan tanadi mutum ɗaya ko biyu da suka yarda su saƙa wa duk wadda aka bari hannu rabbana, sukan kuma hana wadda ta saɓa alkawari shiga zagaye na gaba. Ba a biyan kuɗin shiga musaya, duk wadda ta ce ki tura mata kuɗi tukuna ki yi hattara.

Za a ba ki tambayoyi ki cika. Kada ki rubuta lambar takalmi kawai, mutum biyu masu sa 39 ƙafarsu ba ɗaya ba ce. Ki ba da tsawo da kewaye a santimita, ki faɗi idan ulu na sa ki ƙaiƙayi, launin da ba kya so, da ko ƙamshi na tayar miki da asma. Wannan na ƙarshen ya shafe mu sosai, domin gidajenmu ba sa rabuwa da turaren wuta, ulu kuwa yana kama ƙamshi ya riƙe. Idan abokiyar musayarki ba ta jure shi, ki riƙa ajiye aikin cikin leda. In awon da ta ba ki bai yi miki kama da gaskiya ba, ki tambaya ta hannun mai kula kafin ki ɗora ido ɗaya. Ƙafar da ba ki gani ba kike saƙa wa, lambobin nan su kaɗai ne idonki.

Wajen sa wa'adi a duba kalandarmu. Goman ƙarshe na Ramadan da lokacin aikin Hajji ba lokacin saƙa ba ne ga mutanen Makka da Madina, baƙi da hidima sun cinye shi. A fara a Oktoba, a ba da mako shida, kaya su isa kafin Marba'aniyya. Idan uzuri ya taso miki, rashin lafiya ko haihuwa ko rasuwa, ki sanar da mai kula tun da sauran lokaci. Mutane na yafe jinkiri, shirun ne ke ɓata zumunci.

Ki wanke safar kafin ki naɗe ta. Ki haɗa da takardar ƙullin don ta san yadda za ta wanke, da ɗan ragowar zaren a naɗe a kan kwali don ranar da diddige zai nemi gyara. Ɗan dabino ko alewa ba laifi idan an yarda da ƙari, amma kada ki yi abin da zai sa wadda ba ta da hali ta ji kunya. Turaren ruwa ki bar shi, masu aika kaya kan ƙi karɓarsa. A cikin ƙasa akwai gidan waya na SPL, da SMSA, da Aramex. Za su nemi lambar waya da adireshin ƙasa, gajeren nan mai harafi huɗu da lamba huɗu, kuma ki tafi da katin shaidarki. Idan ba kya son baƙuwa ta san gidanki, ki nemi a aika reshe ki je ki karɓa. Ki ɗauki hoton kayan da rasit, ki tura wa mai kula lambar bin sawu.

Musaya da 'yan'uwa na gida ma tana yiwuwa, don hunturun Kano da Jos da Damagaram yana neman safa, kuma masu Umara ba sa yankewa. Sai dai a nan akwai ƙa'idar da ba na sassautawa: kada ki ba matafiyi ƙunshi a rufe, kada kuma ki sa a ba wani ya kawo miki a rufe. A buɗe a gabansa, ya juya safar ciki da waje, ya ga babu komai. Hukuncin shigo da haramtattun ƙwayoyi a ƙasar nan ya kai kisa, hukumomin alhazai kuma kullum suna gargaɗi a kan ɗaukar kayan wani, har da goro da magunguna. Idan matafiyin ya ce ba zai ɗauka ba, kada ki ji haushi, ki nemi wata hanya.

Ranar da taki ta iso, ki sanar a ranar, ki sa ta ki ɗauki hoton ƙafar ki tura. Idan ta yi miki kaɗan ko ta yi yawa, ki yi godiya a cikin jama'a, sannan ki gaya wa mai saƙar a keɓe santimita nawa ne bambancin. Tsawo yana gyaruwa cikin sauƙi: a warware yatsun, a ƙara ko a rage zagaye, a sake rufewa da ragowar zaren da ta haɗo miki.